Ƙarfin Damtse da Jifan Ƙwallon Kwando

1. A filin makaranta

Ran Laraba da la'asar Malam ya fito da ƴan aji shida filin wasa. A ƙarshen filin an kafa wani dogon ƙarfe mai allo a bisa. A jikin allon akwai zobe. Ragar zoben ta daɗe da tsinkewa, amma zoben yana nan daram. Shi ne ake kira kwando.

Malam ya ce: « Saura wata biyu mu yi wasa da makarantar bayan kasuwa. Mutum biyar kaɗai ke shiga fili. Yau zan ga hannun kowa. »

Duk aji ya juya ya dubi ɗan maƙeri. Ya fi kowa ƙarfi. Tun yana ƙarami yake yi wa babansa zuga, yanzu har masaba yana ɗagawa. Ya karɓi ƙwallo, ya tsaya a kan layi, ya wurga. Ƙwallo ta bugi allo, gwaf! Ta dawo har tsakiyar fili. Ya sake, ta wuce ta bisa allo ta faɗa cikin garkar makaranta. Cikin jifa goma, ɗaya tak ya shiga.

Aka zo kan autar aji. Yarinya ce siririya, ƙwallon ma ta fi kanta girma. Ta matsa dab da kwando, ta jefa a hankali, ƙwallo ta shige. Ta sake, ta shige. Yara suka yi ta tafi.

Malam ya ce: « Madalla, ƴata. To, ja da baya ki tsaya a kan layi. »

Ta koma kan layi ta jefa. Ƙwallo ba ta ko taɓa zobe ba. Ta ji kunya. Sai ta saukar da ƙwallon wajen ƙugunta, ta murɗa jiki, ta cilla da hannu biyu iya ƙarfinta. Wannan karon ƙwallo ta kai, amma ta bi gefe.

Gardama ta tashi. Wasu suka ce ƙarfi ba shi da amfani a wannan wasa, ga ɗan maƙeri nan. Wasu suka ce ƙarfi shi ne kome, ga auta nan. Malam ya bari suka gaji, sannan ya ce kowa ya zauna a gindin bedi.

2. Abin da hannu yake ɗauka

Bari mu fara da awo. Daga ƙasa zuwa bakin kwando akwai metir 3 da santimetir 5. Daga layin da yaran suka tsaya zuwa allo akwai metir 4 da santimetir 60. A kan wannan layi ake yin jifan kyauta, wato jifan da ake ba ɗan wasa idan an yi masa ƙeta, ba mai tare shi. Ƙwallon manyan maza tana da nauyin garam 600 ko kusa da haka. Ta mata ba ta kai haka ba. Ta yara kuma ba ta wuce garam 500.

Garam 600 ba wani nauyi ba ne. Kowannenku yana ɗaukar tulu da ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma ɗauka dabam, jifa dabam. A nan ana so hannu ɗaya ya tura ƙwallo sama, ta wuce tsawon kwando, ta yi tafiyar metir huɗu, kuma ta faɗo cikin zobe.

Wani malamin motsa jiki ɗan Kanada mai suna James Naismith ne ya ƙago wasan a shekarar 1891, a garin Springfield na Amurka. Ya rataye kwanduna biyu na zuba ƴaƴan itace a bisa, bakinsu yana kallon sama. Da gangan ya yi haka. A ƙwallon ƙafa raga tana tsaye a gabanka, wanda ya buga da ƙarfi yana iya ci. Shi kuwa Naismith wasa yake nema wanda za a yi cikin ɗaki ba tare da an ji wa juna ciwo ba. Kwandon da ke kallon sama ba ya karɓar ƙwallon da aka wurgo. Sai wadda ta hau sama ta sauko.

3. Tsokokin da suke aiki

Naman da ke motsa ƙasusuwanmu shi ake kira tsoka. Tsoka ba ta turi, ja kaɗai take yi. Idan ta takure, sai ta jawo ƙashin da take ɗaure da shi. Saboda haka kowace gaɓa tana da tsoka mai lanƙwasa ta da wata mai miƙe ta.

Ku ɗora hannun hagu a kan damtsenku na dama. Ku lanƙwasa gwiwar hannu. Kun ji wani abu ya taso a gaba? Shi ne ƙwanjin da samari suke nuna wa juna. Da Faransanci sunansa *biceps*. Aikinsa ja: jan guga daga rijiya, ɗaga bokiti.

Yanzu ku dafa bango, ku tura, ku shafa bayan damtsen. Can ma wata tsoka ta yi tauri. Sunanta *triceps*. Ita ce mai miƙe gwiwar hannu, kuma ita ce take tura ƙwallo sama. Ba a ganinta a madubi, shi ya sa samari ba su cika kula da ita ba. Mai jifa kuwa ya fi bukatarta da ƙwanjin gaba.

Tsokar kafaɗa ce take ɗaga hannu sama da kai. Sauran kuma suna tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Ku riƙe wurin, ku motsa yatsunku. Kun ji motsi a ƙarƙashin fata? Tsokokin da ke lanƙwasa yatsu ba a cikin yatsun suke ba. Suna can baya, a sangalin hannu da tafin hannu, suna jan yatsu da dogayen jijiyoyi kamar yadda linzami yake juya doki. Su ne na ƙarshe da suke sallamar ƙwallo.

4. Daga ina ƙarfin jifa yake tasowa?

Malam ya kira ɗan maƙeri ya ce: « Zauna a ƙasa a kan layi, ka miƙe ƙafafu, ka jefa da hannu ɗaya. »

Ya jefa. Ƙwallo ta faɗi tun ba ta kai ba. Yara suka yi mamaki. Ina ƙarfin nan ya tafi?

Malam ya ce: « Damtsensa yana nan. Ƙafafunsa na karɓe. »

Ku lura da mace mai daka. Ba da hannu kaɗai take ɗaga taɓarya ba. Tana ɗan durƙusawa, ta miƙe, bayanta ya taso, sannan hannuwa su ɗauki taɓarya sama. Da da hannu kaɗai take yi, da ba ta gama surfe ɗaya ba ta gaji. Haka jifan ƙwallo yake. Mai jifa yana lanƙwasa gwiwoyi, ya taka ƙasa da ƙarfi, ya miƙe. Ƙarfin yana tasowa daga ƙafafu, ya bi cinya da ƙugu, ya hau baya, ya kai kafaɗa, ya wuce gwiwar hannu, ya fita ta yatsu. Tsokokin cinya da ƙugu su ne mafi girma a jiki. Su suke biyan yawancin kuɗin tafiyar. Hannu yana cika saura, kuma shi yake nuna hanya.

Amma dole gaɓoɓin su bi juna ba tsayawa. Wanda ya miƙe ƙafafu, ya dakata, sannan ya tura hannu, ya zubar da ƙarfin ƙafafunsa a banza.

A ƙarshe wuyan hannu yana karyewa gaba, yatsu suna kallon ƙasa, kamar mai sa hannu cikin tulun da aka ɗora a bisa. Ƙwallo tana fita ta kan manuniya da yatsan tsakiya, tana juyawa da baya. Wannan juyi yana da amfani: idan ta taɓa zobe ba ta tsalle da nisa, sau da yawa sai ta lallaɓa ta faɗa ciki. Ɗayan hannun riƙo kaɗai yake yi a gefe. Ba ya turi.

5. Bakin ƙwarya

Malam ya aika aka kawo ƙwarya. Ya ajiye ta a ƙasa, ya ce yara su leƙa ta daga sama. Bakinta da'ira ne, mai faɗi. Ya ɗaga ta daidai idanunsu. Bakin ya tsuke, ya zama kamar tsaga.

Haka ƙwallo take ganin kwando. Faɗin zobe santimetir 45 ne. Faɗin ƙwallon manya kamar santimetir 24. Saura kaɗan ƙwallo biyu su shiga tare! Amma wannan faɗi duka sai ga ƙwallon da ta faɗo tsaye daga sama. Idan ta sauko a karkace, a kusurwa mai digiri 45, ƙofar da ta rage mata kamar santimetir 32 ce. Idan ta zo a kwance, a digiri 30, ƙofar ta koma santimetir 22 da rabi. Ƙwallon ta fi ƙofar faɗi. Dole ta bugi ƙarfe.

Ga laifin jifan ɗan maƙeri. Yana wurga ƙwallo kai tsaye kamar mai jifan mangwaro. Ƙarfinsa gaba yake tafiya, ba sama ba. Jifa mai kyau yana lanƙwasa kamar bakan gizo. Kuma ku lura: tura ƙwallo sama sosai daga nesa yana cin ƙarfi. Yaron da hannunsa bai ƙosa ba yakan yi jifa a kwance don ƙwallo ta kai.

6. To, mene ne amfanin ƙarfin damtse?

Ku ɗauki alli ku rubuta sunanku a allo. Yanzu ku ɗauki dutse mai nauyi ku gwada rubuta sunan da shi a ƙasa. Wane rubutu ya fi kyau? Hannun da yake aiki da dukan ƙarfinsa ba ya iya saiti. Yana rawa. Hannun da aikin bai yi masa nauyi ba shi yake iya lallaɓawa.

Babban amfanin ƙarfi ke nan. Idan damtse ya yi ƙarfi, ƙwallo tana zama marar nauyi a gare shi. Mai jifa ba ya bukatar murɗa jiki, ko saukar da ƙwallo ƙugu, ko turi da hannu biyu. Yadda yake jifa a kusa, haka yake jifa daga nesa. Autar aji tana da saiti. Da aka kai ta inda ƙarfinta bai kai ba, sai ta sayar da saitin ta sayi nisa. Wannan shi ne abin tsoro ga yara, domin hannu yana riƙe abin da ya saba. Wanda ya shekara yana cilli daga ƙugu, ko ya girma ya yi ƙarfi, hannunsa zai ci gaba da neman ƙugu.

Amfani na biyu yana fitowa a ƙarshen wasa. An yi gudu, an yi tsalle, kafaɗa ta yi nauyi. A lokacin nan jifan mai raunin hannu yana gajarta, ƙwallo tana bugun gaban zobe. Mai ƙarfi yana da saura a rumbu.

Abin da ƙarfi ba ya bayarwa shi ne saiti. A gasar manyan ƙungiyoyin Amurka da ake kira NBA an yi wani ƙato mai suna Shaquille O'Neal. Tsawonsa metir 2 da santimetir 16, nauyinsa kusan kilo 150. A shekarar 1993 ya rataya a zobe har ya saukar da allo da ƙarfensa, sau biyu. Ya ci ƙwallaye masu ɗimbin yawa daga gindin kwando, inda ba mai iya ture shi. Amma a kan layin jifan kyauta, cikin jifa 100, kamar 53 ne suke shiga. Har abokan gaba sukan yi masa ƙeta da gangan don a kai shi layin.

Stephen Curry kuma tsawonsa metir 1 da santimetir 88 ne, ƙarami a cikin waɗannan ƙattai. Cikin jifan kyauta 100, yana zuba 90 ko fiye. A shekarar 2021 ya wuce kowa a tarihin gasar wajen yawan ƙwallayen da aka ci daga nesa, masu maki 3. Ku ji yadda ya fara. Yana yaro siriri ne, ƙarfinsa bai kai ba, saboda haka daga ƙasa-ƙasa yake turo ƙwallo, kamar autar aji. Babansa, Dell Curry, tsohon ɗan wasa ne. Ya ga cewa dogaye za su riƙa tare wannan jifa. A wani dogon hutu ya sa ɗan ya sake koyo daga farko, yana sakin ƙwallo daga saman kai. Makonni ya yi yana jifa daga kusa da kwando kaɗai, domin da sabon jifan ƙwallo ba ta kai nesa. Ya sha wuya ƙwarai. Sai da jikinsa ya ƙara ƙarfi ya riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan.

7. Yadda yaro zai ƙara ƙarfi

Kun sha ganin samarin unguwa suna cika gwangwani biyu da siminti, su soka ƙarfe a tsakiya, suna ɗagawa. Wannan ba naku ba ne. Ƙasusuwanku suna cikin girma, kuma nauyin da ya fi ƙarfin mutum, ba mai koya masa, yana iya ɓata kafaɗa ko baya. Nauyin jikinku da na ƙwallo sun ishe ku.

Ku dafa bango da hannu biyu, ku ja ƙafafu baya, ku lanƙwasa gwiwar hannu har goshi ya kusa bango, ku tura ku miƙe. Sau goma, ku huta, ku sake. Idan ya yi sauƙi, ku koma ƙasa: ku kifa ciki, gwiwoyi a ƙasa, baya a miƙe, ku tura. Wannan yana gina bayan damtse da kafaɗa.

Ku kwanta rigingine a tabarma, ku jefa ƙwallo sama da hannu ɗaya. Idan wuyan hannu ya yi daidai, za ta juya da baya ta dawo tafin hannunku. Idan ta faɗi gefe, gwiwar hannu ce ta buɗe. Ku riƙa buga ƙwallo a ƙasa da yatsu, dama da hagu. Kada ku manta da ƙafafu: durƙusawa da miƙewa, da tsallen igiya.

Kada ku damu idan ƙwanji bai fito ba. Kafin yaro ya balaga tsokarsa ba ta cika kumbura ba. Duk da haka ƙarfinsa yana ƙaruwa, domin ƙwaƙwalwa tana koyon sa tsokoki su yi aiki tare. Kwana uku a mako ya isa, da hutu a tsakani, don a lokacin hutu da barci jiki yake gyara kansa. Wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai da kifi suna gina tsoka. Ku sha ruwa, kuma kada ku yi wasa da tsakar rana. Wanda ya ji zafi a gaɓa ya tsaya ya gaya wa malam.

Abu ɗaya kuma. Ku yi jifa tukuna, sannan ku yi aikin ƙarfi. Hannun da ya gaji yana koyon jifa marar kyau. Kuma kada ku bar jifa kuna gina damtse kaɗai. Hannun da ya ƙara ƙarfi sabon hannu ne, sai ya sake sanin nisan kwando, in ba haka ba ƙwallo za ta riƙa wucewa.

8. Bayan mako shida

Malam ya aro ƙaramar ƙwallo. Ya ja wa auta layi da gawayi, taki biyu daga kwando. Ya ce ba za ta ja da baya ba sai ta zuba bakwai cikin goma, kwana biyu a jere. Ta yi fushi, don ƙawayenta suna can nesa suna cilli. Amma ta bi. Kowace rana tana rubuta abin da ta ci a bayan kayenta.

Ɗan maƙeri kuma aka ɗaura masa igiya a sama tsakanin sanduna biyu, tsakaninsa da kwando. Dole ƙwallo ta haye igiyar. Mako na farko ya tsinka ta sau uku.

Ran da Malam ya karanta sunaye biyar, dukansu biyu suna ciki. Layin gawayin auta ya ja baya har sau huɗu, saura taki ɗaya ya kai layin jifan kyauta. Ɗan maƙeri yana zuba huɗu cikin goma. Malam ya ce masa: « Kai ka tsaya kusa da kwando, ka kama duk wadda ta faɗo. Idan ka ga auta ba mai tsaronta, miƙa mata. »

Kalmomi

tsoka : *le muscle*
kafaɗa : *l'épaule*
gwiwar hannu : *le coude*
wuyan hannu : *le poignet*
kwando : *le panier*
jifan kyauta : *le lancer franc*

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙwallon ɗan maƙeri ba ta kai ba da ya zauna a ƙasa?
2. Wace tsoka ce take miƙe gwiwar hannu? A ina take?
3. Me auta ta yi da jikinta da aka kai ta nesa? Me ya sa Malam bai so haka ba?
4. Don me Malam ya ɗaura igiya a gaban ɗan maƙeri?

Lissafi

1. Ƙwallo tana da nauyin garam 600. Ɗan wasa ya jefa ta sau 100. Kilo nawa hannunsa ya tura gaba ɗaya?
2. Kwandon manya yana da tsawon metir 3 da santimetir 5. Na ƙananan yara yana da metir 2 da santimetir 60. Santimetir nawa ne tsakaninsu?

Aiki a fili

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya yi jifa goma daga taki biyu, ɗaya ya ƙirga. Ku ƙara taki ɗaya, ku sake. Mai ƙirga ya lura da wurin da abokinsa ya fara murɗa jiki ko saukar da ƙwallo ƙugu. Ku ja layi taki ɗaya gaban wurin, ku rubuta nisansa a kaye. Bayan wata ɗaya ku sake awo.